Farantin Kifi na Zauren Malam Attahiru

Ranar kasuwar Goronyo da ta wuce wasu samari uku suka tsaya gaban rumfata, kowa da waya a hannu. Ɗayansu ya ɗaga wani kwanon tangaran daga kan tabarma da yatsu biyu, ta baki, kamar mai ɗaukar mushen ɓera, ya ce, "Baba Dahiru, ai wagga sana'a taku cin banza ta. Ka bi tsohuwa ka saye tarkacenta, ka ɗau hoto, mutanen Abuja su aiko mota." Na ce ya ajiye kwanon tukuna, da hannu biyu, a inda ya ɗauke shi. Ya ajiye yana dariya. Bayan tafiyarsu sai da na ƙwanƙwasa kwanon sau uku na saurara kafin na yarda bai tsage ba. Saboda su da ire-irensu nake wannan rubutu, ko da yake na san ba sa karanta abin da ya wuce layi biyu.

Sana'ata neman tsofaffin kayan Japan. Wanda bai sani ba zai ce me ya haɗa Japan da Wurno. Alhazan da ne suka haɗa su, da fataken da ke zuwa Ikko. A zamanin iyayenmu tsarabar da ake ji da ita ita ce tangaran mai zanen hannu, da shuɗin yadi mai farin zane, da 'yar tsana ta katako wadda ba ta da hannu ba ta da ƙafa, sai kai zagaye da ido biyu. Tangaran ya hau jeren mata. Yadi ya shige ƙasan adaka. 'Yar tsana kuwa, wadda ba ta faɗa murhu ba, tana nan a wani lungu. Yau da aka koma roba da gilashi, akwai masu tara waɗannan kaya a birni, ni nake nemo musu.

Aikin farko da maigidana, marigayi Alhaji Bawa Mai-Tangaran na Rabah, ya ba ni, babu tangaran a ciki. Ina da mata a lokacin, na bar noman albasa na zo wurinsa ina ganin kaina babba. Ya miƙo mini kwando da buhun ƙaiƙayin gero da ƙwan zabi, ya ce in shirya su, in ɗaura a keke, in kai Rara in juyo. Na dawo ɗaya ya fashe. Ya duba ya ce, "Mi nic ce maka? Kada ƙwai shi taɓa ƙwai, kada ƙwai shi taɓa kwando. Koma." Damina guda ina wannan zirga-zirga, har mutanen hanya suka sa mini Mai-Ƙaiƙayi, sunan da ya bi ni har yau. Sai ranar da na dawo sau uku a jere ba ƙwan da ya fashe sannan ya bar ni na taɓa kofin shayi. Kofin ma mai ɓallen hannu.

Kayan aikinmu, in ka gan su, sai ka raina. Ƙaiƙayi, audugar rimi, tsumma mai laushi, gashin kaza na share ƙura, kwalba mai hudajjen marfi ta ɗiga ruwa, da tsinken gora da na fiƙe da kaina. Ƙarfe ba ya zuwa kusa da tangaran a hannuna. Babban kayan aiki kuwa farce ne da kunne. Ka ɗora kwano a tafin hannu ka ƙwanƙwasa bakinsa: lafiyayye zai amsa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga zai ce ƙwas ya yi shiru. Sannan ka kifa shi ka duba gindi. Da ɗan karatuna na firamare nakan karanta sunan ƙasar in an rubuta da boko. Waɗanda suka fi tsufa ba su da wannan, sai wani jan tambari kamar sawun kaza. Wayarku tana jin ƙarar kwano? Ku faɗa mini.

Wadda ta fi saya a hannuna wata likita ce a Sakkwato, Dakta muke ce mata. Ɗaki guda ta ware wa kayan nan. Ita ta gaya mini yawancinsu mutanen ƙauye ne suka yi su can, masu ginin tukwane da marina irin namu, shi ya sa ba za ka sami biyu masu zane iri ɗaya sak ba. Ba ta son abin da aka gyara wa fuska. Da tsufansa take son abu.

Wannan shi ne abin da mutanenmu suka kasa ganewa. Wata 'yar tsana na taɓa gani a Rara, hannun wani tela, jan fentinta ya koɗe ya yi kyau, gefen kanta ya yi santsi saboda hannun yaran gida uku da suka yi wasa da ita. Na ce zan dawo ranar kasuwa. Na dawo na tarar ya yi mini karamci: ya kai ta wurin mai fentin babur an mulka mata kore, an ƙara mata gira. Yana murmushi ya ce, "Ka ga ta koma sabuwa!" Na ce lallai ta koma, ya ba jikarsa. Haka wata baiwar Allah a Goronyo ta jiƙa shuɗin yadin kakarta da omo kwana biyu don kada in ce ƙazama ce. Yadin da ya fi ni shekaru ya fito kamar tsumman goge fitila.

Amma aikin da nake son ku ji shi ne na farantin kifi. A Wurno akwai tsohon zaure na gidan malamai, ginin ƙasa, rufin daurin guga. A tsakiyar rufin, inda bakunan suka haɗu, magina sun kafa faranti kamar yadda ake yi a da. Fari ne, da shuɗin kifi guda ya lanƙwashe a ciki kamar yanzu zai juya. Tun ina bin Alhaji Bawa muke shiga gaisuwa don kawai mu ɗaga kai. Ba mu taɓa tayawa ba. Abin da ke rufin zauren malamai ba a yi masa ciniki.

Sai shekarar ambaliya ta zo. Gulbin Rima ya cinye fadama, ya shiga garuruwa, ruwan sama kuma bai ɗauke ba. Ita ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ar nan. Jere ya zube da bango, adakoki suka sha ruwa, shuni ya zuba, katako ya kumbura ya tsage. Abin da na gani an tsamo daga laka a wata biyu ya fi abin da na saya a shekara goma, kuma kusan duk fasasshe. Masu waya suka bazu ƙauyuka suna tsintar na mutane a wulaƙance. Ni ban saya a hannun wanda ke kwana a makaranta da iyalinsa ba. Mutumin da ba shi da rufi ba ya cikin hankalin sayar da kayan uwarsa.

Bayan ruwa ya janye Malam Attahiru, mai gidan zauren nan, ya aiko a kira ni. Bango ya tsage, magina sun ce a sauke rufin kafin ya sauko da kansa. Ya zaunar da ni ya nuna sama ya ce, "Mahaihinmu yas sa wanga faranti lahiya, lahiya nike son shi sauko. Wani dillali ya fasa na maƙwabtanmu bara, ka ko san tun sannan ba gidan da anka sake buɗe mai cikin garin ga. In ba ka iyawa, faɗi tun yanzu, ba abin kunya na ba."

Na san abin da yake nufi. Maganar Malam a Wurno ba ta faɗuwa ƙasa. In ya ce Dahiru ya yi ɓarna, na gama shiga gidajen garin, kuma rabin abin da nake samu daga can yake fitowa. Na ce, "Allah gafarta Malam, in Allah ya so ko ƙwarzane ba za a gani ba." Da na fito na yi ta tuhumar bakina, me ya kai ni cewa ko ƙwarzane.

Akwai ɗan ƙanensa a gidan, Murtala, magidanci ne da 'ya'ya biyu amma kullum kansa na cikin waya. Tun kafin in zo ya ɗauki hoton farantin daga ƙasa ya tura wa wani a Abuja, har sun daidaita. Ya tare ni da guduma da sukudireba ya ce, "Baba Mai-Ƙaiƙayi, minti goma ta ishe ni. Kai kwana nawa za ka yi?"

Na ce, "Huɗu."

Ya ce, "Huɗu! Kaciya za ka yi mai?"

Yadda ake cire farantin rufi shi ne, ka hau tsani, ka kewaye bakinsa da jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa ɗiga ruwa kana jira ƙasa ta yi laushi, sannan ka kankare da tsinken gora kaɗan-kaɗan, kamar mai cire ƙaya. Na cire huɗu kafin wannan, duk lafiya. Abu ɗaya na ƙara wanda ba a koya mini ba: nakan kafa sanduna huɗu in ɗaure zane mai kauri a ƙarƙashi. Alhaji Bawa kansa ya sha yi mini dariya a kan zanen nan, ya ce wanda ya iya ba ya shimfiɗa wa kuskure gado. Ranar nan Murtala ya kira abokansa su zo su ga inda aka yi wa faranti ɗakin haihuwa. Ban kula su ba. Na ɗaure kowane ƙulli sau biyu, na sauko, na sake hawa na duba.

Kuskurena kuwa ba irin na Murtala ba ne, na wanda ya daɗe a aiki ne. Na taɓa yaɓen daga ƙasa na ji shi a bushe, sai na ba shi ruwa yadda na saba. Ban tuna rufin nan ya yi wata biyu yana shan ruwa ta sama ba. Fatar ce kawai ta bushe, ciki kunu ne. Da na soka tsinke tun farko da na sani. Ban soka ba.

Rana ta biyu muna sallar azahar a masallacin ƙofar gidan, a raka'a ta uku, na ji tim. Ban san yadda na ƙarasa sallar nan ba, sai da na rama ta daga baya. Muka shigo muka tarar curin laka kamar tulu ya ɓallo da farantin a jikinsa. Sanda ɗaya ta karye, zanen ya yi ƙasa har ya kusa taɓa daɓe, amma ya riƙe. Murtala bai sake maganar ɗakin haihuwa ba.

Na ɗauki curin na kai inuwa, na yi ta zuba ruwa ina cire laka da yatsa. Kifi ya fito lafiya. Na ƙwanƙwasa, ya amsa. Ina juya shi sai yatsana ya faɗa rami. A baki, wajen wutsiyar kifin, wuri ya ɓalle, faɗin farcen babban yatsa.

Murtala ya leƙo ya rage murya ya ce, "Mi a abin damuwa? Farar ƙasa da gam, a shahe, a goge. Baffa ba ya gani sosai, na Abuja ko hoto yaka dubi."

Na ce, "Ni ina gani."

Ya ce, "To kai ka sani. Wurno dai ka yi mata bankwana."

Na naɗe farantin a auduga na ce wa Malam sai ya sha iska kafin a nuna, wanda gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Na aro rariya. Kwana biyu ina jiƙa lakar nan ina tacewa, loma-loma, ina neman ɓallin, don in kai masa abinsa cikakke ko da a gida biyu. Na sami tsakuwa, na sami ƙashin kifi na gaske, na sami tsohon anini. Ɓalli babu. Na share zauren da gashin kaza tun daga ƙofa har ƙofa. Na zazzage zanen sau uku. Na lura bakin karayar ba fari tas ba ne kamar sabuwar karaya, ya ɗan yi ja. Amma na ce wa kaina, Dahiru, mafita kake nema, jar laka mai ruwa ai nan take take rina abu. Ban yarda na jingina da wannan ba.

Rana ta uku da faɗowar farantin, da hantsi, na durƙusa gaban Malam Attahiru na buɗe audugar. Na ce, "Allah gafarta Malam, na yi alkawarin da ban cika ba. Na ba rufi ruwa ba tare da na gwada shi ba, ya faɗo, ga abin da ya faru. Laifina ne, ba na kowa ba." Ya kai farantin kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "To. Inna ta ce a kai mata ta gani in an sauke. Taso ka faɗa mata da bakinka."

Inna Kulu mahaifiyarsa ce, tsohuwa tukuf, idonta ya tafi sai dai ta ga inuwar mutum. Aka yi mana iso, muka same ta a kan tabarma bakin ɗakinta tana jan carbi. Na gaishe ta, na fara jawabina daga farko. Ta ce, "Ɗan nan, bari dogon turanci, miƙo shi." Ta karɓa da hannu biyu, yadda ya kamata, abin da samarin yanzu ba su iya ba. Ba ta shafa kifin ba. Sai ta ɗora babban yatsa a bakin farantin ta riƙa juya shi a hankali kamar mai neman wani abu. Yatsan ya faɗa ramin. Ta tsaya. Sai ta fashe da dariya har da tari.

Ta ce, "Yawwa, shi na! Ashe kana nan, munahuki."

Malam ya ce, "Inna, mi kike nuhi?"

Ta ce, "Ni niɓ ɓalle shi. Sati na biyu da anka kawo ni gidan ga, ina share jere, munduwata tad doke shi. Tsarabar baffana ce daga Makka, in anka ji na shiga ukku. Na juya ɓallin wajen bango, na sa kwano gabanai. Ran da magina sunka ce suna son faranti na zaure, duk matan gida kowa tay yi shiru, wa za ta ba da na kirki a liƙa ma laka? Ni ko nay yi wuf. Na aika ma magini da hura mai nono, nic ce shi nutsa bakin cikin ƙasa sosai."

Malam ya ce, "Amma Baba har yar rasu yana faɗin ke kaɗai kib ba da mahi kyawon abin da kike da shi!"

Ta ce, "Shi yaf faɗi. Ka taɓa jin ni na faɗi?"

"Shekara nawa muna nuna ma baƙi!"

"To ba su ga kihi ba?"

Murtala da ke tsaye bayanmu ya ce, "Kaka, kin kashe man ciniki. Na ce ma mutumin ba shi da ko tabo."

Ta ce, "Wa yac ce ka sai da abin da ba ka taɓa ba? Kai da ko tambayata ba ka yi ba. Wannan ma mai tatar laka bai tambaye ni ba. Kwana biyu ina jin ƙarar rariya, nic ce ko gidan ga an koma haƙar zinari."

Ban bar wurin haka ba. Na matsa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, girmansa ke nan tun da? Faɗuwar ba ta ƙara masa ba?"

Ta sake sa yatsa ta ce, "Yatsan ga ya shiga a da, ya shiga yanzu."

Na ce, "Amma yatsan amarya da na yanzu..."

Ta ce, "Attahiru, ku ba bawan Allah ga ruwa shi sha, shi tahi gida kahin shi sa ni rantsuwa."

Na Abuja da ya ji akwai ɓalli ya fasa. Inna ta riƙe farantinta tana zuba dabino a ciki har Allah ya karɓi abinsa. Bayan an raba gado 'yarta ta aiko mini da shi, na kai wa Dakta. Na nuna mata ramin kafin in nuna mata kifin, ta sa na rubuta labarin munduwa a takarda ta ajiye a ƙarƙashinsa. Malam Attahiru bai taɓa yabona a gabana ba. Amma a watan da aka sauke rufin, gida uku na unguwarsu suka aiko in zo in cire nasu, kuma kowane ɗan aike da abin da yake farawa: Malam ya ce a kira mai zane. A cikin ukun nan biyu sun fito da ɓalli a baki. Kafin in kafa tsani sai da na sa aka tambayo mini tsohuwar kowane gida, na kuma soka tsinke a rufi.

Saboda haka, kai mai yatsu biyu, da kai da abokanka, in da gaske kuke, rumfata tana nan layin masu tabarmi. Akwai kwando da buhun ƙaiƙayi a bayan benci, keken Alhaji Bawa ma yana nan, na sa an yi masa faci. Ƙwan zabi kuwa ku zo da naku.